Neman shawara: kafa ƙarfen eriya a bayan ɗaki

Baban Yara, Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum ƴan zaure. Rezo ba ya shiga ɗakina, kwanon rufi ya tare shi, hoton tele kuma sai yankewa. Na sayi tiyon ƙarfe biyu, mita 6 kowanne, ina so in haɗa su in ɗora eriyar tele da ta intanet. Wa ya taɓa yi?

Mai Walda, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Alhaji. Mita 12 a tiyo tsirara? Iskar gaban hadari ta watan Yuni a mahaɗa za ta lanƙwasa shi. Kada a liƙa su baki da baki. A zura siriri cikin mai kauri kamar rabin mita, a huda, a ɗaure da noti. In galba ne ma, wato ƙarfe mai rufin hana tsatsa, wutar walda tana ƙone rufin, nan tsatsa ke fara ci.

Kawu Magini, Mokoyo: Ku kuna ta sama, ni ƙasa nake dubawa. Ƙasarmu rairayi ce, ruwa biyu in ya sauka sai gindi ya saki. Ka haƙa rami ya kai mita 1, ka zuba beto mai tsakuwa sosai, kana ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Siminti sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kada ka bari yaro ya hau washegari. Kuma ka nisanci ramin salga da katangar laka.

Injiniya, Zariya: Kawu ya gama magana a kan gindi. Amma Alhaji, ka tabbata kana buƙatar tsawon nan? Ka hau soro da salula, ka gwada layin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa da zarar an wuce kan kwano da mita biyu ko uku an gama. Kuma doguwar waya tana cinye siginar 4G kafin ta iso ɗaki. Gara na'urar waje mai ɗaukar layi a can sama, ka sauko da wayar intanet kawai. In ka nace sai 12, to sai wayoyin ɗauri uku, digiri 120 tsakaninsu, a tsakiya da kusa da kai, turakunsu kamar mita 7 daga gindi. Filin gidanka ya kai? Sannan ka auna: in ya faɗi ta kowace fuska, zai taɓa wayar lantarki ta NIGELEC? In e, canza wuri, babu ciniki a nan.

Hajiya, Bagalam: Ni nawa ba na ƙarfe ba ne. Ranar da za a hau, a aika maƙwabta tun da safe, mata na tsakar gida suna aikinsu. Kuma ka ja kunnen iyali, wallahi kafin mako ya zagayo an mai da wayoyin nan igiyar shanya.

Kawu Magini: Hajiya kin yi gaskiya! Maganin tsawa kuma, gawayi da gishiri muke zubawa a ramin sandar tagulla tun muna yara.

Injiniya: Gawayin na yarda, Kawu, amma gishiri yana cin sandar da mahaɗinta a hankali. Abin da ake nema danshi ne, busasshen rairayi ba ya karɓar wuta. A kafa sanda mai mita 2 inda ruwan wanka ke bi, a haɗa ta da gindin ƙarfen da wayar tagulla mai kauri, gajeruwa, ba lanƙwasa. Duk da haka in hadari ya haɗo, a zare wayar daga bayan tele. Wayar kuma a ɗan sassauta ta ta yi ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwa ya ɗiga waje.

Ɗan Tibiri: Babu batun takarda?

Injiniya: In watsa sigina zai yi, ya sayar wa unguwa intanet, wannan sai ya bi ta ARCEP, hukumar kula da harkar sadarwa. Wanda ke kusa da filin jirgi kuma ya tambayi mairi kafin ya ɗaga komai.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na auna yanzu, faɗin bayan ɗakin mita 5 ne kacal.

Mai Walda: To wayoyin ba za su shiga ba. Mu yi mita 8, mu kama shi da bangon siminti wuri biyu. Ɗakin na bulo ne ko na laka? Turo hoton bangon kafin in taho da injin.