An ce maka "to", amma aikin bai yiwu ba: me shugaba zai riƙa yi kullum?

Mai Sito, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda aka ɗora a kan mutane, ko biyar ne ko ashirin, a shago ko makaranta ko gareji, abu biyu ke damunsa. Na farko, ka ba da umarni a ce maka "to", gobe ka tarar an yi wani abu dabam. Na biyu, tun ranar da ka zama oga kowa ya daina faɗa maka laifinka. Don Allah waɗanda suka daɗe suna riƙe da mutane su ba mu abin da ake iya yi kullum cikin minti biyar ko goma, da kuma inda abin yake lalacewa.

Babbar Nas, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. A fara daga "to" ɗin nan. A bakinmu "to" ba ta nufin "na gane", sau da yawa "na ji, kuma na girmama ka" take nufi. Yaron da ya sha tarbiyya kunya yake ji ya ce wa babba bai fahimta ba. Saboda haka tambayar "ka gane?" ba ta da amfani, amsarta ɗaya ce. Abin da za ka ce shi ne: "Maimaita mini, don in tabbata ban manta wani abu ba." Ka lura, ka ɗora yiwuwar kuskuren a kanka, shi kuma ka sauke masa nauyi.

Umarnin kansa ya zama yana da gaɓoɓi huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma in abu ya canja wa zai kira. "A kula da mai gado na huɗu" ba umarni ba ne, kowa zai zaci da wani ake. "Sista, ki auna hawan jininsa duk bayan awa biyu, ki rubuta a katinsa, in ya haura adadin da likita ya rubuta ki kira ni" shi ne umarni.

Matuƙan jirgin sama da jini suka koyi wannan. A 1977 a tsibirin Tenerife na Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747 sun yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragen ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Injiniyansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan, da yake na ƙasa da shi ne, bai sake cewa komai ba. Wannan shirun shi ne abin tsoro, kuma yana nan a kowane wurin aiki.

Inda ake ɓata shi: ka riƙa sa mutum ɗaya kawai ya maimaita. Nan take ya zama cin fuska. Ko kowa, ko a bari.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
Hajiya ta kawo na waje, bari in kawo na ciki. A samu ƙaramin littafin rubutu, a ajiye shi kusa da shimfiɗa. Bayan sallar Isha'i a amsa tambaya uku, kowacce layi ɗaya: Yau wa na katse yana magana? Ƙarfe nawa muryata ta tashi, kuma me ya faru kafin nan? Wane alkawari na ɗauka ban cika ba? An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, to wannan ɗan yanki ne na hakan.

Amfanin ba a daren yake fitowa ba, sai ranar Juma'a in ka karanta na mako gaba ɗaya. A nan za ka ga faɗan yana da lokacinsa. Wani tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu ne, ga yunwa ga rana. Wani kuma duk ranar da na sama da shi ya kira shi a waya, minti goma bayan nan sai masinja ko ƙaramin malami ya sha masifa, haushin kaza huce kan dami. In ka gano lokacinka, sai ka daina sa maganar gyara a cikinsa.

Abu biyu ke kashe littafin. In ka fara cika shafi guda, ba za ka kai kwana goma ba. Sannan a hankali yakan koma rajistar laifin mutane: wane ya makara, wance ta yi kaza. Maganinsa, kowane layi ya fara da "na". Kuma kada a yi a waya, da ka buɗe ta saƙonni sun ja ka.

Uwar Ɗakin Ɗinki, Zariya:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma littafin nan abin da idonka ya gani kawai zai ɗauka. Laifi tudu ne. Mai ɗaure fuska bai san yana ɗaure ta ba, mai katse mutane yana ganin taimaka musu yake su gama da wuri. Dole sai da idon wani.

Sai dai yadda ake tambayar ne aiki. In ka ce "ina da wani laifi?" za a ce "a'a wallahi, babu komai". Ka ƙuntata tambayar: "Wane abu ɗaya nake yi da yake ɓata miki lokaci?" Mutum ɗaya a mako, ku biyu kawai. Kada a kira ta ofis a zaunar da ita ido cikin ido, yarinya ba ta iya kallon babba ta faɗi irin wannan. A yi a tsaye gefe da gefe, hannu yana aiki, ana ninke yadi ko ana jera zare. In kin tambaya ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci. Yawancinmu a nan muke faɗuwa, shirun ya yi mana nauyi sai mu amsa wa kanmu.

Abin da za ta fara faɗa ƙarami ne, kamar "kina ba ni aiki biyu ki ce duka na gaggawa ne". Gwaji ne, tana duba ko ruwan zai ci ta. Amsa ɗaya ce: "Na gode." Da kin ce "ai dalilin da ya sa", an rufe ƙofar, kuma kafin la'asar duk shagon ya ji. Ki gyara cikin mako, ki bari ta gani. Manyan maganganun sai a zagaye na biyu ko na uku suke fitowa.

In sun ƙi buɗe baki, a bi ta hannun babbarsu, dama al'adarmu ta san ɗan tsakani. Amma abin da ya shafi halinki kawai za ki karɓa daga gare ta. Ranar da ta fara kawo labarin sauran yara, ta zama 'yar tsegumi, kuma ke kika mayar da ita.

Mai Gareji, Damagaram:
Taron safe na minti biyar, a tsaye, kafin a taɓa sifana. Ka gaida kowa da sunansa. Sai a fara daga ƙaramin yaro: wace mota ke hannunka, me ya tsayar da kai? Maigida shi ne na ƙarshe. In ya fara magana, kowa bayansa zai bi ko da ya ga kuskure. Kada gaisuwar ta zama sai ranar da kake son a kai dare ana aiki, yara suna lura.

Manajan Gidan Burodi, Jos:
Kan fushi, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya wadatar: wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. A wurin aiki ka ƙara da wannan: kada gyara ya kwana, amma kada ya fito a gaban kwastoma ko na ƙasa da mai laifin. Ka ja shi gefe, ka faɗi abin da ya faru da asararsa da abin da za a yi gobe: "Gwangwani ashirin sun ƙone saboda ba a duba wuta ba, gobe kai ne a bakin wutar har a sauke." A cire "kullum haka kake" da "ba ka taɓa", domin zai tuno rana ɗaya da ya yi daidai, sai magana ta koma musu. In da haɗari ne, kamar warin gas ko hannu kusa da injin kwaɓi, ka daka tsawa a take, bayani daga baya.

Saƙon murya na WhatsApp kuma, kada ya wuce minti ɗaya, batu ɗaya. Adadi da lokaci a rubuta su. Kafin ka aika ka saurari kanka, akwai damar yin haka. Da yawa a nan suke fara jin irin muryar da yaransu ke ji kullum. Kuma a daina "wasu daga cikinku" a rukuni: mai laifin ya ɓuya, masu ƙoƙari su ji ciwo.

Mai Sito, Kano:
Allah ya saka da alheri. Amma Hajiyar Zariya, tambayar yara laifina ba zai jawo raini ba?

Uwar Ɗakin Ɗinki, Zariya:
Alhaji, abin da na ga yana jawo raini shi ne doka ta canja tsakanin safe da yamma, ko a ce "zan duba maganar kuɗinka" a yi wata ba a duba ba. Tambaya ba ta cire maka ikon yanke hukunci. In abin da aka faɗa ba za ka iya canja shi ba, ka koma bayan kwana biyu ka ce ka yi tunani, ga dalilin da ya sa zai tsaya yadda yake. Kuma kada ka kwashi duk waɗannan lokaci ɗaya, yara za su tsargu su zaci kora ce ke tafe. Ka fara da maimaita umarni da littafin Malam na wata guda, in sun zauna sai ka tambayi mutum na farko, ka zaɓi wanda ya fi daɗewa a siton.