Rami ya buɗe a ganɗar maigidana, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan da aka cire wa maigidana haƙorin sama, an yi masa allurar kashe zafi a ganɗa. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura, shekaranjiya kuma naman ya zube, ya bar rami mai zurfi. Shekararsa 46, yana shan taba. Likitan da ya leƙa ya ce yana tsoron daji ne. Wallahi tun jiya ban runtsa ba.

Wata 'yar uwa: Allah Ya ba shi lafiya. Ki daure, kada ya ga tsoro a fuskarki.

Wani likitan haƙori: Hajiya, ba zan yanke hukunci a kan bakin da ban gani ba, amma labarinki ya yi kama da wata cuta da muke kira nekrotaizin sayalometaflesiya, wadda aka fara bayyanawa a 1973. A ganɗa akwai ƙananan maɓuɓɓugan yawu da yawa. Idan jini ya daina isa gare su, ko saboda allura, ko rauni, ko haƙoran roba masu matsi, ko yawan amai, sai su mutu, naman ya zube. An fi ganinta a maza, kuma shan taba na ƙara haɗarin kamuwa da ita. Ba daji ba ce, tana warkewa da kanta cikin sati 4 zuwa 10. Abin da ke damuna da ita shi ne kamanninta da daji: ko a madubin ɗakin gwaji tana iya ruɗar mai dubawa, har an sha yi wa mutane babbar tiyata a banza.

Wani dattijo: To 'yata, a shafa zuma a jira mana, tunda tana warkewa.

Likitan: A'a Baba, jira ba namu ba ne. Mai shan taba da gyambo a baki, dole a yanki ɗan nama a gwada, domin dajin gaske ma haka yake farawa. Hajiya, ku je asibitin koyarwa, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Ku faɗa musu ranar da aka yi allurar, wannan bayanin yana da nauyi. Idan aka ce a yanke ganɗa, ku roƙi wani ƙwararren ya sake duba naman tukuna. Kafin nan ya riƙa kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya bar yaji da taba.

Mai tambaya: Na gode likita, Allah Ya saka da alheri. Litinin da sassafe za mu tafi, na riga na ɓoye ashanar.