Neman kalmar Hausa: homon da launin jikin tsutsar alharini

Mai shirin kimiyya, Tahoua:
Assalamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a rediyo a kan launin jikin tsutsar alharini, kuma sai na miƙa rubutun kafin Juma'a. Tsutsar tana fitowa daga ƙwai baƙa kamar tururuwa, daga baya ta yi fari, wasu kuma da ɗigo ko zane a baya. Farin daga sinadarin nan ne da ke sa kashin tsuntsu fari, kuma wadda ba ta iya tara shi a fata sai ka gan ta kamar takardar da mai ya jiƙa. Gado ne ke zaɓar zanen, amma homon, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don ya tafiyar da aikinsa, shi ne ke tsayar da lokacin da zai fito a sabuwar fata. Me zan kira waɗannan biyun, wato abin da ke ɗauke da gadon da kuma homon ɗin, yadda manomi a Bouza zai gane?

Malamin ilimin halittu, Yamai:
Wa alaikumussalam. Na farkon ka ce ƙwayar gado, kada ka ce ƙwayar halitta, domin wannan ta riga ta zama sunan ƙananan ɗakunan da jiki ya ginu da su. A 1906 wani masani ɗan Japan, Toyama, ya nuna da wannan tsutsa cewa dokokin gado na Mendel, masanin da ya fara gano su a kan tsirrai, suna aiki a kan dabbobi ma. Homon kuwa biyu ne a nan. Tsutsar tana tuɓe fata sau 4 kafin ta yi saƙa, don haka wanda ke sa ta tuɓewa sinadarin saɓa ne, kamar yadda maciji ke yi, wanda ke riƙe ta a matsayin tsutsa kuwa sinadarin ƙuruciya.

Tsohon mai fassara:
Ɗana, sinadari kalma ce da muka gajiyar, har magin miya sinadari ake ce masa. Shekaru nake ce wa homon manzon jini, domin daga wata gaɓa ake aiko shi, jini ya ɗauke shi ya kai saƙo wata gaɓar.

Malama mai koyar da Hausa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba zan so a ji kalmar manzo a kan tsutsa a gidan rediyo ba, mai sauraro zai bar darasin ya kama wata magana. Ɗan aiken jini ya fi sauƙi a kunne.

Tsohon mai fassara:
Ɗan aike yaro ne da ake tura kasuwa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne homon ɗin da aka rubuta tun farko, wanda lafazin Kano ne. Yaranmu a makaranta ormon suke ji daga Faransanci. Har yaushe za mu riƙa jiran a yanke mana kalma daga ƙetaren iyaka, alhali Hausar Adar ba ta gaza ta kowa ba?

Malamin ilimin halittu:
Baba, babu wanda ya raina Adar. Sai dai a 1954, lokacin da masana biyu 'yan Jamus, Butenandt da Karlson, suka tace miligiram 25 na sinadarin saɓa daga kilo 500 na wannan ƙwaro, abu ne suka samu a hannu wanda ake iya aunawa, kuma kalmar sinadari ce ke nuna haka.

Malama mai koyar da Hausa:
Ka kuma kula, Malam, kada ka ce tsutsar tsamiya. Wadda ake samun zaren rigar tsamiya daga gare ta ta daji ce, wannan kuwa ta gida ce da aka fara kiwo a ƙasar Sin.

Mai shirin kimiyya:
Na gode ƙwarai. Na ɗauki ƙwayar gado, da sinadarin saɓa, da sinadarin ƙuruciya. Babban sunan kuwa zan faɗi ormon sau ɗaya, in bayyana shi da ɗan aiken jini.

Tsohon mai fassara:
Saɓa ta yi daidai, wannan na amince. Ɗan aiken dai ban karɓa ba, amma zan kunna rediyo ranar Asabar in ji yadda zai zauna a bakinka.