Komawa Nassarawa GRA ko Bompai: mai shawara ya ba ni

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Allah ya ɗan hore, ina so in tashi da iyali daga Gwammaja, gidan ya yi mana kaɗan, ga layinmu mota ba ta shiga. Dillali ya nuna min gidaje biyu, ɗaya a Nassarawa GRA ta wajen Lamido Crescent, ɗaya a Bompai. Na Nassarawan tsohon gini ne mai fili da bishiyoyi, na Bompai sabo ne amma tsakar gidansa ba yawa. Hajiya mahaifiyata za ta bi mu. Waɗanda suka zauna can, me za ku ce?

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zama ne.

Ɗan Fagge: Amin. Saye ko haya, Alhaji?

Baban Ummi: Saye nake nufi, in ciniki ya faɗa.

Kawu Injiniya: To tsaya, ɗana, kada ka yi gaggawa. Na zauna a irin tsohon gidan nan na Nassarawa, kuma abin da na gani ba na fatan wani ya gani. Ranar da aka kai ni, inuwar maɗaci da darbejiya ce ta ɗauke min hankali, ga bango mai kauri, ɗaki sanyi ƙalau ko da rana tsaka. Da rani ne. Damina na sauka rufi ya fara magana. Ashe gara ta cinye katakon da ke riƙe da kwano, an dai shafe silin da farin fenti ne kawai. Bututan ruwan na ƙarfe ne tun na da, sun yi tsatsa ta ciki, ruwa ja yake fitowa. Saiwar bishiyoyin nan da na yaba ita ta fasa ramin bayan gida, sai da aka haƙa sabo. Wayar wuta kuwa duk sai da muka zare aka sake.

Duk wannan kuɗi ne, kuɗi kuma ana samu. Abin da ya karya min gwiwa shi ne gidan na gado ne. Babban ɗan mamacin ya karɓi kuɗin hayata, ya ba ni takarda da sa hannunsa, na kashe abin da na kashe a gyara. Rannan sai ga ƙannensa mata da lauyansu da wani mai saye, wai ba a raba gado ba, su ba su san da zamana ba. Haka na kwashe kayana da yara suna tsakiyar zangon karatu. Yanzu in ka wuce wurin ba za ka gane shi ba, an sare bishiyoyin, an yanka filin an jera benaye. Ni haya ce ma ta ƙona ni haka, ina ga kai mai shirin zuba miliyoyi? Yawancin manyan filayen nan masu su na farko sun rasu, a hannun magada suke. Ka tambayi takardar rabon gado daga kotu, ka ga kowane magaji da idonka, har matan da ke gidajen aurensu. Ka kuma kai kafinta ya hau cikin silin da tocila, kada ka yarda da fenti.

Maman Khalifa: Innalillahi. Kawu, Allah ya mayar da alheri.

Barista: Maganar Kawu ita ce magana. In ƙara: ka karɓi lambar satifiket ɗin filin, lauyanka ya je ya yi bincike a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar irin wannan fili, don haka takardar ciniki da shaidu kaɗai ba ta gama maka aiki ba. Ka duba shekarar da aka ba da shi ma, na zama yawanci shekara 99 ne, wasu sun ci fiye da rabi. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Ɗan Fagge: Barista, ku ma fa la'adarku ta kusa kamo ta dillalai.

Barista: Ka gwada zuwa kotu bayan ka rasa gida, sai ka faɗa mana wanne ya fi arha.

Bazazzagi: Ni mamakina Bakano zai koma unguwar da ba zai iya buɗe shago a ƙofar gida ba. Anya Baban Ummi zai yi wata guda bai fasa katanga ya sa tireda ba?

Ɗan Fagge: Ka bari bawa, ku da kuka zo Kano da jakar leda. Ai tuni an riga shi. Bi ta Ahmadu Bello Way ko Sultan Road ka gani, makarantun kuɗi, asibitoci, gidajen abinci, ofisoshi.

Anti Malama: Wannan ba wasa ba ne, gaskiya ce. Yayana, ka je layin da daddare ranar Juma'a ko Asabar. In akwai wurin biki kusa, kiɗa da motocin 'yan ɗaurin kai ba za su bar Hajiya ta runtsa ba. In makaranta ce, ƙarfe bakwai na safe ba ka da hanyar fita daga gidanka.

Malam Na Tarihi: Abin da ke ba ni takaici kenan. Unguwar nan tarihi ce. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ba su zauna cikin ganuwa ba, suka fita gabas suka kafa mazauninsu ta Bompai da Nassarawa. Ƙa'idarsu ma a bar fili fetal tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa, baƙin mutum ba ya kwana ciki sai kuku da boyi, shi ya sa kowane tsohon gida za ka ga 'yan ɗakuna a can baya. A Nassarawa Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa na ƙasa yana nan har yau kusa da gidan gwamnati, ana shiga a gani. Ga gidan sarki na Nassarawa, inda aka binne Sarki Ado Bayero a 2014 kusa da magabatansa. Baban Ummi, in Allah ya ba ka gidan, don Allah ka bar bishiyoyin. Wanda ya dasa su bai sha inuwarsu kamar yadda za ka sha ba.

Ɗan Fagge: Tunda an ambaci gidan Nassarawa, Malam, wai yanzu…

Shugaban Zaure: A'a. Mun yi alkawari ba maganar sarauta a nan. A koma kan gida.

Maman Khalifa: Wuta fa? Ni ita ce damuwata.

Kawu Injiniya: Ya danganta da layin da gidan ke kai. Baban Ummi ya tambaya ko Band A ne, wato rukunin layukan da aka fi ba wuta. A Afrilun 2024 aka kai kuɗinsu naira 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. In ka kunna na'urar sanyaya ɗaki biyu da injin jan ruwa, za ka ga kati yana ƙarewa. Sola ta zama dole. Ruwa kuma ka tambayi zurfin burtsatsen gidan da ko yana ja a watan Afrilu, don can ba ka leƙa waje ka kira ɗan garuwa.

Hajiya Babba: Duk kun yi maganar bango da takarda, ba wanda ya tambayi tsohuwa. Ɗana, ka tambayi mahaifiyarka kuwa, tambaya ta gaskiya? Ni ɗana ya ɗauke ni daga Yakasai ya kai ni Bompai, ɗaki har da banɗaki a ciki, ba abin da na rasa. Amma wuni nake ba wanda ya yi min sallama. A cikin gari kafin hantsi maƙwabta sun leƙo, almajirina ya zo, an aiko da ƙoƙon koko, in an yi haihuwa ko rasuwa ta katanga zan ji. Can sai maigadi da ƙarar get. Maƙwabcinmu ya rasu, sai da na ga rumfa a waje na sani. Ƙawayena kuma kuɗin adaidaita ya hana su zuwa, ga shi wasu layukan sai ka yi tafiya kafin ka samu abin hawa. Da kaina na roƙe shi ya mayar da ni ɗakina. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Anti Malama: Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Yarana ma Islamiyya sai an kai su a mota, da kuwa da ƙafa suke zuwa.

Barista: Amma a faɗi alherin wurin ma. Asibitin Nassarawa na kusa, hedkwatar 'yan sanda na Bompai, titunan da faɗi, yara na da filin wasa a cikin gida. Kayan miya a sauka 'Yankaba ko Tarauni.

Bazazzagi: Ni dai Bompai zan zaɓa, sabon gini ba ciwon kai.

Kawu Injiniya: Sabon ginin da aka yi don sayarwa? Ka san buhun siminti bulo nawa aka buga da shi? Kuma wani ɓangaren Bompai kusa da kamfanoni ne, manyan motoci da ƙura. Ya faɗa mana layin tukuna.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Babba, maganarki ta tsaya min a rai. Da na gaya mata cewa ta yi "duk yadda ka yi daidai ne", ni kuma na ɗauka amincewa ce. Yau bayan isha'i zan zauna da ita. Kawu, zan turo maka sunan layin ta waya.

Ɗan Fagge: Ka fara kama haya shekara ɗaya, ka ga damina ka ga rani. Kuma kada ka sayar da na Gwammaja.

Barista: Hayar ma a rubuce, da sa hannun duk magada.

Maman Khalifa: Kawu, kafintan da ya yi maka rufin yana nan? Namu ma ya fara zuba ta kicin.

Kawu Injiniya: Yana nan, amma ya tafi aiki Hadeja. Zan tambaye shi ranar dawowarsa.