Neman shawara: in bar ɗana a wannan ƙaramar lakwal ko in mai da shi CEG, sakandaren gwamnati?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, abin ya hana ni barci. Ni ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai, muna zaune a Lazare. Maigidana yana kasuwanci a Abijan, sai azumi ya ƙarato yake zuwa, don haka karatun yara a kaina yake. Babban ɗana ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, a lakwal ɗin gwamnati, amma in na miƙa masa takardar magani ya karanta mini, sai ya tsaya yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Wata maƙwabciyata da muke adashi tare ta ce in zo in ga inda ɗiyarta take. Gidan haya ne aka mai da makaranta, ɗakuna huɗu da rumfa. Ranar da na je an ɗauke wuta, zafi ya kori kowa waje. Direktan ya zaunar da yara a gindin dogon yaro, ya karanta musu shafi guda da ƙarfi, ya rufe littafin, ya ce kowa ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. Wata yarinya ta miƙe ta kawo labarin tun daga farko, wani ya ɗaga hannu ya ce ta tsallake dalilin da ya sa sarkin ya fita yaƙi. Na daɗe a tsaye da ledar cefane a hannuna.

Da ya gama CM2 sai na sa shi can. Uwar mijina ba ta so ba, domin ita so take a kai shi Tawa wurin kawunsa, kuma tun lokacin sunan ƙaninsa akwai ƴar tsama tsakaninmu, wannan wani dogon zance ne. Kuɗin jika 240 ne a shekara, ana biya kashi uku, na farko da adashina na biya.

Tsarinsu shi ne hadda da safe, waƙoƙin Faransanci da ƙa'idojin nahawu, sai dikte kullum, sai kwafar rubutu da hannu. Ba waya, ba kwamfuta. Tarihi a jere suke bin shi tun daga Masar ta dā. Ana koya musu ɗan Latin, ranar Alhamis kuma muhawara. Su 14 ne a aji.

Yanzu ya gama 5e, aji na biyu na sakandare. Ɗan yayar mijina da ke CEG, aji ɗaya da shi, ya zo hutu, suka buɗe kaye ɗinsu na fizik. Na wancan ya cika, na ɗana bai kai rabi ba. Magana ta kai Abijan, babansa ya ce in cire shi kafin Oktoba. Yaron kuma kuka yake. Don Allah me zan yi?

Ƴar Adar:
Allah shi kawo mafita ƴar'uwa. Amma ba ki gaya muna makinshi na lissafi ba. Nawa ya samu bisa 20?

Tsohon Mushe:
Ɗiyata, ni da alli na tsufa, na koyar a CEG daga Konni har Yamai, saboda haka saurara. Tambaya ta farko: makarantar tana da takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi? Kin gani da idonki? In babu, wa zai kai sunan yaronki a rubuta shi jarrabawar BEPC, wadda ake yi a ƙarshen 3e, aji na huɗu na sakandare? Ta biyu: yara nawa suka kai BEPC, nawa suka ci?

Dikte ba na kushe ta. Mu da ita aka yi mu, kuskure biyar sifili ne, kuma da aka sassauta ta ne muka fara ganin ɗan 3e da ba ya iya rubuta wasiƙa. Amma BEPC ba Faransanci kaɗai ba ce. Akwai lissafi, akwai fizik da shimi, akwai SVT, wato ilimin halittu da na ƙasa, akwai Ingilishi, akwai tarihi da labarin ƙasa, kuma daga manhajar gwamnati ake fitar da tambaya. Mai gyaran takarda bai san yaronki ya iya muhawara ba, lamba kawai yake gani. Aji 4e shi ne inda kaya ke yin nauyi, 3e a kansa take zaune. Wanda ya shiga 4e da rabin kaye, a 3e zai biya bashin. Ki cire shi yanzu, tun gyara na yiwuwa. Mijinki ya yi gaskiya.

Maman Biyu:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Amma da kun ga yaron. Wanda ba ya iya karanta takardar magani, yanzu shi ke karanta wa ƙaninsa littafi da dare. Kuma rabin kayen nan, abin da ke ciki ya san shi. Ɗan'uwan nasa da na ce ya yi mini bayanin abin da ya rubuta, shiru ya yi.

Baban Yara:
Ni dai an sha ni a lakwal mai zaman kanta, ba zan ƙara ba. Na biya kashi biyu, ana cikin watan Fabrairu mai gidan haya ya sa kwaɗo a ƙofa saboda ba a biya shi ba. Malamai suka watse, direkta ya kashe waya. Yarana biyu suka zauna gida har damina, kuɗin riga da na littafi duk sun bi ruwa. Har yau in na wuce ƙofar gidan raina ɓaci yake. Da na ji kin ce gidan haya gabana ya faɗi.

Malam na Bukoki:
Abin da ake ba ku a matsayin sabo, a zaure muka same shi. Nahawu, manɗiƙi, balaga, haka malamanmu suka jera su. Yaro ya haddace Ajurumi, in ya yi ƙarfi ya shiga Alfiyya mai baiti kusan 1000. Malamin da ya wallafa Ahalarin da kowa ke karantawa ma yana da waƙe a kan manɗiƙi. Don haka hanyar mai kyau ce, hadda ba ta kashe basira. Abin da ban gane ba shi ne Latin. Wa yaron zai yi wa magana da shi? In wannan tarbiyya kike so, kai shi franko-arab, ya samu Larabci, ya kuma yi BEPC ɗinsa.

Ɗalibar Harobanda:
Yaya, bari in ƙara a kan maganar Malam. A Turai ma waɗannan fannoni uku su ne tushen karatu a zamanin dā, sannan a ɗora lissafi, ilimin awo, kiɗa da ilimin taurari. Wasu ƙananan makarantu a Amurka suka farfaɗo da tsarin, suka raba shi bisa shekaru: ƙananan yara hadda, ƴan shekara 11 zuwa 14 manɗiƙi saboda lokacin ne yaro ke son gardama, manya kuma iya magana da rubutu. Ɗanki yana tsakiyar mataki na biyu, shi ya sa muhawarar ta kama shi. Latin kuma daga gare shi Faransanci ya fito, yana taimakawa wajen gane kalmomi da rubuta su daidai. A jami'ar Abdou Moumouni ina ganin waɗanda suka ci BAC, jarrabawar shiga jami'a, amma ba su iya tsara hujja a shafi guda. Ni shawarata ki bar shi, ki samo masa mai koya masa fizik da lissafi da yamma, da littafin manhajar gwamnati.

Tsohon Mushe:
Yarinya, karatu kike yi, ba ki taɓa riƙe aji ba. Wato ta biya jika 240, ta ƙara biyan mai darasin yamma, don ya yi aikin da ta riga ta biya a yi? Kuma yaron da ya wuni yana hadda, da wane kai zai zauna wa fizik bayan la'asar? Ƴan Amurkan da kike faɗi ba su da BEPC a gabansu. Ɗiyata Maman Biyu, na yi miki tambaya biyu, ba ki amsa ko ɗaya ba.

Uwar Marayu:
Baba Mushe, CEG ɗin da kuka sani ba ita ce ta yanzu ba. Ajin ɗiyata sun haura 80, ajin zana ne, in iska ta taso an tashi ke nan. Tun gobarar wata lakwal a unguwar Pays-Bas a 2021 da ta ci yara aƙalla 20, duk safiya da addu'a nake rakiyarta. Ga malaman kwantiragi, in albashi ya makara a ajiye alli. Kaye ya cika ba shi ne karatu ba, wani lokaci ɗalibi ake ba littafi ya kwafe a allo. Da ina da hali da tuni na cire ta.

Baban Yara:
Ni abin da ke ɗaure mini kai ma, tun 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, amma har yau yarana da Faransanci ake kora su aji na gaba ko a maimaita musu. Yanzu kuma ga Latin.

Hajiya Babba:
Duk kun bar gini kuna ta zancen makaranta. Uban yaro ya yi magana. Ɗiyata, in kika bar shi ya faɗi jarrabawa, ke da surukarki sai Allah. Ni na ga irinta, na dage a kan karatun ɗiyata, shekara ta juya aka ce ni na lalata ta, har yau dangin ubanta ba su daina faɗi ba. Ki bi mijinki, in alheri ne naku, in akasin haka ba a ce ke ce ba.

Maman Biyu:
Hajiya na ji, amma shi bai taɓa taka makarantar ba, ni ce nake ganin yaron kullum. Baba Mushe, ban ƙi amsa muku ba. Makarantar sabuwa ce, ajin ɗiyar maƙwabciyata su ne na farko, bana za su shiga 3e, don haka ba su kai kowa BEPC ba tukuna. Maganar takarda kuma na tambayi direktan jiya, ya ce an kai komai ma'aikata, ana jiran sa hannu. Mutum ne mai gaskiya, shi da kansa yake share aji. Ya ce kuma bana za su ɗauki sabon mushen fizik.

Tsohon Mushe:
Shekara uku ana jiran sa hannu? Kada ki tsaya ga bakinsa. Ki je ofishin masu duba makarantun sakandare na yankinku, ki ce a duba miki sunan makarantar a jerin waɗanda aka yarda da su. Kafin nan ko dala kada ki biya.

Maman Biyu:
Baba ai na riga na biya kashin farko tun makon jiya, don sun ce wuri zai cika. Babansa bai sani ba tukuna, ranar Juma'a yake kira.

Uwar Marayu:
Ƴar'uwa, turo mini kwatancen wurin ta saƙon sirri. Suna rage wa marayu kuɗi?