Junifa mai yaɗo ta fara bushewa daga baki: ƙishirwa ce ko cuta?

Sabuwar Mai Lambu ta rubuta:

Assalamu alaikum, masana harkar shuka. Akwai wani gangare a gefen gidana wanda ruwan sama ya daɗe yana zaizayewa, kuma yankan ciyawarsa ya zame mini wahala domin tsayuwa a kansa ma sai da dabara. Bara aka ba ni shawarar in dasa junifa mai yaɗo, wadda masana ke kira Juniperus horizontalis, saboda ba ta tashi sama, ba ta kakkaɓe ganye, kuma tana jure hunturu mai dusar ƙanƙara irin na inda nake zaune. Na dasa gindi 12 na irin da ake kira Wiltonii, ina fesa musu ruwa da mesa kowace yamma, na kuma zuba musu taki sau biyu. Waɗanda ke saman gangaren lafiyarsu ƙalau, har rassansu sun fara miƙewa, amma guda 4 da ke can ƙasa kusa da inuwar katanga bakin rassansu ya ƙone, ganyen yana marmashewa idan na murza shi. Shin ƙara ruwa zan yi? Sannan ga ciyawa tana fitowa a tsakaninsu, ban san tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su rufe wurin ba.

Dattijon Lambu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, ina roƙonki kada ki ƙara musu ko ɗigon ruwa sai kin duba saiwarsu, domin amsar tana cikin bayaninki: na sama sun yi kyau, na ƙasa suna ciwo, alhali mesa ɗaya ce take shayar da su duka.

Asalin wannan shuka Kanada ne da arewacin Amurka, inda take fitowa da kanta a kan tudun rairayi, da bakin tafkuna, da tsakanin duwatsu. Duk wuraren nan ruwa ba ya kwana a cikinsu, rana kuma tana dukansu tun safe har yamma. Ruwan da kike zubawa a sama gangarowa yake yi ya taru a gindin katanga, inda inuwa take hana shi bushewa. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, idan ta daɗe a cikin laima sai ta ruɓe, musamman idan ƙwayar cuta mai ruɓar da saiwa da ake kira Phytophthora ta samu shiga. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya jan ruwa zuwa ganye, saboda haka kamanninta ɗaya da wadda ƙishirwa ta kama, sai mai ita ya ji tausayinta ya ƙara mata abin da ke kashe ta.

Ki tone ɗaya daga cikin huɗun a hankali. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, cikinta fari ne, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai laushi, fatarta tana saɓulewa a hannu. Ki kuma haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wurin, ki cika shi da ruwa da safe. Idan har yamma ruwan yana nan tsaye, to wannan ƙasa ba ta junifa ba ce. A shekarar farko, shayarwa mai zurfi sau ɗaya a mako ta wadatar idan ba a yi ruwan sama ba, a yi ta da safe, a gindi. Idan ta kama ƙasa sosai, sai an yi dogon fari take neman taimako. Takin ma ki dakatar da shi. Junifa kuwa tana son rana aƙalla awa 6 a yini.

Mai Almakashi ya amsa:

Maganar Baba gaskiya ce, sai dai ina so a duba rassan su ma, domin jiƙa ganye da yamma yana kwana da laima shi ne babban abin da ke kawo cutar fumfuna mai ƙone bakin reshe. Wadda ake kira Phomopsis sabon toho take kamawa a lokacin ɗumi da danshi, yawan taki kuma yana ƙara mata abinci saboda yana fito da toho mai taushi. Malama, ki ɗaga reshen da ya ƙone ki dubi daidai inda busasshe ya haɗu da ɗanye. Idan kin ga wani zobe mai launin toka da ɗigo-ɗigon baƙi ƙanana a kansa, to ita ce. Maganinta na farko almakashi ne: a ranar da ganye yake a bushe, ki yanke reshen ki ɗan shiga cikin lafiyayyen ɓangare, ki kwashe abin da kika yanke ki fitar da shi daga lambun, kina goge bakin almakashin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ki wuce zuwa wani gindi.

Amma ki kiyaye abu guda, junifa ba ta sake toho daga tsohon itacen da ba shi da ganye. Duk inda kika aske ta har ƙashi, haka wurin zai zauna a tsirara. Kuma idan hunturu ya shigo kika ga launinta ya juya ya yi shunayya-shunayya, kada hankalinki ya tashi, ɗabi'arta ce, da sanyi ya wuce za ta dawo da launinta.

Uwar Shuke-shuke ta amsa:

'Yar'uwa, ni batun ciyawar zan taɓa, domin a wurina ta fi cutar wahala. Wiltonii ba ta wuce santimita 10 zuwa 15 a tsayi, amma gindi ɗaya yana iya yaɗuwa har kusan mita 2, kuma ba ta gaggawa. Idan an bar tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin gindi da gindi, ki sa ran shekara 3 ko fiye kafin rassan su haɗe. A waɗannan shekaru ne ake cin nasara ko a faɗi. Na taɓa yin sakaci na bar ciyawa mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga cikin tawa, daga baya na koma ina durƙusawa da safar hannu, ina ɗaga rassa ɗaya bayan ɗaya ina bin saiwar ciyawar da yatsa, ganyen yana sukar hannuna, kuma duk guntun da ya tsinke ya saura sai ya sake tsirowa. Ki cire ta yanzu tun ƙasa tana a fili, sannan ki shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5, ba tare da ya taɓa wuyan shukar ba.

Wasu za su ce ki shimfiɗa ƙyallen nan na hana ciyawa. Ni ban yarda da shi a kan gangare ba. Reshen junifa yana yin saiwa a duk inda ya kwanta a kan ƙasa, waɗannan saiwoyi su ne suke riƙe gangaren da kike son cetowa, ƙyallen kuwa yana shiga tsakaninsu da ƙasar. Haka nan ba shukar takawa ba ce, idan akwai inda ake bi sai ki jera duwatsu.

Sabuwar Mai Lambu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tone guda biyu kamar yadda Baba ya ce. Ta farko saiwarta ta yi baƙi, har da wari, ƙasar kuma tana manne wa hannu kamar yumɓu. Ta biyu da sauran farar saiwa a gefe ɗaya. Ramin gwajin kuwa har washegari da ruwa a cikinsa. Zan iya ceton wadda ta rage da rai, kuma me zan yi da wurin da ya zama fili?

Dattijon Lambu ya amsa:

Ta farkon ki fitar da ita tare da ƙasar da ke jikinta, kada ki mayar da wata junifa cikin wannan rami. Ta biyun, da sauran biyun idan kin same su kamarta, ki yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, ki mayar da su can gefe a sama inda rana take, nesa kaɗan da lafiyayyun, ki dasa su wuyansu ya ɗan ɗara bakin ƙasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka ko da zarar sanyi ya sassauta. Gindin katangar kuwa ki nema masa shuka mai son inuwa da danshi. Idan kina son ƙarin junifa ba sai kin saya ba: ki zaɓi dogon reshe daga lafiyayyun, ki ɗan kankare ƙasansa, ki danne shi a ƙasa da lanƙwasasshiyar waya, ki rufa masa ƙasa kaɗan. Bayan kamar shekara guda ki ja shi a hankali, idan kin ji ya riƙe, sai ki raba shi da uwar ki dasa inda kike so.