Injin busar da kaya yana tsayawa a tsakiyar aiki, yana nuna matsalar sensar zafi

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin injin busar da kaya mai amfani da lantarki. Nawa yana tashi lafiya, gangar tana juyawa, amma kafin a yi nisa sai ya tsaya ya nuna wata lamba, wadda littafin injin ya ce tana nufin matsala a sensar zafi. Wani lokacin kuma yakan kai ƙarshe, sai in tarar da kayan da danshinsu, alhali samansa ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Shin sensar ce ta mutu, ko akwai abin da ya kamata in duba kafin in sayi sabuwa? Ina da maltimita, wato mitar auna lantarki, kuma zan iya kwance murfin.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malama. Tunda kina da mita, kada ki sayi komai sai kin auna. Sensar da ake magana ita ce tamista, wata 'yar ƙaramar aba mai waya biyu da galibi ake ɗaurawa a jikin gidan fanka, daidai inda iska ke fita daga ganga. Idan zafi ya ƙaru, adadin om ɗinta, wato ma'aunin yadda take tare wutar lantarki, yana raguwa, kuma da wannan sauyin allon sarrafa injin ke sanin lokacin kunna hita da kashe ta.

Ki fara zare filogi daga soket, sannan ki cire wayoyin biyu daga jikinta, domin idan aka auna ta tana haɗe da allo, mita ba za ta faɗi gaskiya ba. A injuna da yawa tana nuna kusan om 10,000 a zafin digiri 25 na Salsiyas, kusan 8,000 a digiri 30, idan kuma sanyi ya kai digiri 10 takan haura zuwa wajen 20,000. Akwai masu om 50,000, saboda haka ki nemi takardar masu gyara da akan liƙa a cikin injin ki gwada da jadawalinta. Bayan nan ki damƙe kanta a tafin hannu kina kallon mita: lambar za ta riƙa sauka a hankali idan lafiyarta ƙalau. Idan mita ta nuna layi a buɗe yake, wato wuta ba ta wucewa, ko ta nuna kusan sifiri, ko lambar tana tsalle babu dalili, to ta lalace, kuma ba a gyara ta, sauyawa ake yi da mai lamba irin tata.

Amsa ta biyu

Bayanin Injiniyan da ya fara amsawa daidai ne, sai dai ni abin da ya ja hankalina shi ne saman injin yana zafi amma kaya ba sa bushewa. Wannan ya fi kama da iska ce ba ta samun hanyar fita. Ɓurɓushin zaren da ke zubowa daga tufafi yana wuce rariya ya taru a bututu da gidan fanka, zafi ya tsaya a ciki tare da tururi, sai sensa ta ga zafin ya wuce kima ta sanar da allo. A irin wannan hali ita aikinta ta yi, kuma ko an sa sabuwa matsalar tana nan.

'Yar'uwa, ki wanke rariyar da ruwan ɗumi da sabulu, domin maganin laushin kaya yakan bar mata wani maiƙo da ido ba ya gani. Idan kin zuba mata ruwa ya kwanta bai wuce ba, ta toshe. Ki cire bututun baya ki share shi tun daga injin har bakinsa na waje, ki kuma tabbatar bai lanƙwashe a bayan injin ba.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na share bututun, datti mai yawa ya fita. Tamistar ta nuna kusan om 9,000, tana kuma sauka idan na riƙe ta, amma lambar matsalar ta sake fitowa a injin. Wani ya ba ni shawarar in haɗa wayoyin wani farin fiyus da ke kusa da ita kai tsaye, wai don in ga ko shi ne.

Amsa ta uku

Hajiya, don Allah kada ki bi wannan shawara. Fiyus ɗin zafi shi ne kariya ta ƙarshe idan komai ya gaza, kuma ɓurɓushin zare ba ya da wuyar kamawa da wuta. Mita ta isa gwada shi: mai lafiya zai nuna kusan sifiri, wanda ya ƙone zai nuna a buɗe. Sau ɗaya yake ƙonewa, ba ya dawowa, kuma da shi ne da injin bai tashi ba ko bai yi zafi ba sam, ba ya riƙa yi yana dainawa ba.

Tunda tamistar ta nuna daidai a sanyi, saura waya. Injin yana girgiza, kuma zafi yana sassauta bakin maƙalai, wato mahaɗan wayoyi, har wani ya yi tsatsa ko baƙi. Ki mayar da wayoyin, ki je wajen allon ki zare maƙalin da ya fito daga tamista, ki auna daga can kina motsa wayar da ɗaya hannun. Idan lambar ta ɓace ta dawo, waya ce ta karye a cikin rigarta ko maƙalin ne ya saki. Akwai kuma tamistar da sai ta ɗau zafi take yankewa, wadda ake kamawa ta hanyar hura mata iskar na'urar busar da gashi daga nesa ana kallon mita. Wasu injunan suna da tamista ta biyu a mashigar iska kusa da hita, ita ma ki auna ta. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake zargin allon, shi kuwa gara mai gyara ya duba shi kafin a yi maganar sauyawa.